Safar Mushe: Sayen Nagari Mayar da Kuɗi Gida

A ƙasashen Turai safa ɓoyayyar sutura ce. Mutum zai sa takalminsa da safe, ba zai cire ba sai ya dawo gida da dare, babu wanda ya san abin da ke ciki daga shi sai mai yi masa wanki. Mu a nan Adar ba haka abin yake ba. Takalminmu ba ya wuni a ƙafa. Za ka cire shi a ƙofar masallaci, ka cire a zauren maigari, ka cire wurin suna ko gaisuwar rasuwa, ka cire kafin ka hau tabarmar surukinka. Duk wanda ya zaɓi sa takalmi sau-ciki a ƙasar nan, to ya sani safarsa ta shiga bainar jama'a kamar yadda hularsa ta shiga. Sai dai hula mukan ɓata rabin wuni muna zaɓenta, mu gwada wannan mu ajiye waccan, safa kuwa a tsaye muke saye, daga kan baro ko tiren yaro, ko ledar ba mu buɗewa.

Na san wani cikin 'yan uwa malamai zai ce, yanzu duk matsalolin da ke gabanmu, azuzuwan zana da iska ke kwashewa, da kuɗin 'yan kwantiragi da ke makara, sai maganar safa? Amsata ita ce, mai ƙaramin albashi shi ya fi kowa bukatar sanin abin da yake saye, domin shi ne ba ya da rarar da zai zubar. Bayan haka akwai mutunci. Malamin lakwal, wanda yara da iyayensu ke kira mushe, a ƙauye da yawa shi kaɗai ne ma'aikacin gwamnati da ake gani kullum. Shekarun da na yi ina koyarwa a ƙauyukan arewacin Tahoua sun nuna mini cewa yaro ba ya barin komai ya wuce shi. Wanda ke zaune a ƙasa, a kan yashi ko buhu, idonsa daidai ƙafar malami yake. Na san wani abokin aiki, haziƙi wajen lissafi, wanda yara suka laƙaba wa suna saboda babban yatsansa da ya leƙo ranar da ya cire takalmi gaban iyayen yara. Ya bar garin da daɗewa, sunan bai bar shi ba.

Asalin ƙasar Adar ƙasar takalmin fata ce, buɗaɗɗe, aikin dukawa, wanda ya dace da zafi da yashi da alwala. Har gobe babu abin da ya fi shi daɗi a watan Afrilu. Safa ta shigo mana ne tare da lakwal da soja da aikin ofis, sannan 'yan bida suka ƙara yaɗa ta, masu dawowa daga Abidjan da sauran biranen gaɓar teku da akwati cike da tsaraba. Yanzu ta zama ruwan dare. Dubi ɗaliban makarantar horar da malamai ta Kaocen ranar da za su fita gwajin koyarwa, ko samarin Jami'ar Djibo Hamani, ko 'yan lise Agabba: takalmi sau-ciki, wando ɗan ɗagagge, ga safa mai zane ta bayyana sarai. Tun da an riga an rungume ta, abin da ya rage shi ne a san ta.

Wanda ya fara koya mini sanin safa kawuna ne, tsohon ɗan bida da ya yi shekaru yana tallan kayan sawa a Kwaddibuwa. Ina shirin kama aiki na farko ya raka ni kasuwar Lahadi ta Tahoua. Mai kaya ya miƙo wata safa mai sheƙi yana cewa, "Mushe, wannan 'yar Italiya ce." Kawu ya karɓa, bai ko dubi fuskarta ba, ya zura hannu ciki ya juyo ta. Sai ga zare rututu kamar gashin masara. Ya mayar masa ya ce, "Alhaji, kawo ta ƙasan buhun." Sannan ya waiwayo ya ce mini, "Ɗana, fuskar safa ta mai sayarwa ce, cikinta ne naka." Duk abin da zan faɗa a nan ƙarin bayani ne kan wannan magana.

Mu fara da inda take fitowa. Mafi yawan sabuwar safa da ke kasuwanninmu daga China take, ko me aka rubuta a jikin takardar. Akwai wani gari da ake kira Datang a lardin Zhejiang, wanda aka sha ba da rahoton cewa shi kaɗai yana saƙa kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya. A can ana yin mai kyau ƙwarai, ana yin ta banza, ɗan kasuwa ne ke faɗin farashin da yake so a yi masa daidai da shi. Daga nan kayan su biyo teku zuwa Kwatano ko Lome, ko su shigo ta Kano su ɓullo Ƙonni. Duk abin da ya taɓa hanyar nan sai ya taɓa aljihunmu. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar Gaya da Malanville, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Abin da na lura da shi shi ne, in kuɗin hanya ya hau, ɗan kasuwa yana tsoron ƙara farashi kada a gudu, sai ya kawo mai rauni a tsohon farashi. Kai kana murna safa ba ta tashi ba, alhali zaren ne aka rage.

Yanzu ga lissafi, irin wanda muke ba 'yan aji shida. A ce malami yana juya safa ƙafa uku. In ya sayi ta araha, sefa 300 kowace, dala sittin ke nan, ukun sun kama sefa 900. A ce suna yin wata biyu kafin diddige ya huje ko roba ta saki. Shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni, ke nan sai ya sake saye har sau biyar: sefa 4,500. In kuwa ya daure ya sayi mai kyau, jika guda kowace, sefa 3,000 sun kai shi ƙarshen shekara, wataƙila har su shiga ta gaba. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu ya gwada. Amma sakamakon ba ya canzawa sosai: mai neman araha ya biya fiye, kuma duk tsawon shekarar yana naɗe yatsa in ya cire takalmi. Da gaskiyar Bahaushe da ya ce araha ba ta ado.

Sai dai tsada ma ba shaida ba ce. Ana iya sayar maka da ta dala sittin a kan jika idan an sa ta cikin kwali mai kyau. Don haka hannunka da idonka su ne alƙalai.

Da farko ka nemi izini ka buɗe, ka juyo cikinta. Safa mai zane iri biyu ce. Akwai wadda aka saƙa zanen da zare masu launi daban-daban, akwai wadda aka saƙa fara sannan aka buga mata zane a sama kamar atamfa. Ta biyun ka ja ta da hannu biyu, za ka ga zanen ya tsattsage, fari ya leƙo ta tsakani. Irin wannan galibi zaren poliyesta ce, domin shi ya fi kama irin wannan bugun, kuma ita ce ke dafa ƙafa da rana. Ta farkon kuwa, in ka juyo ta za ka ga zaren launuka suna tsallakawa daga wannan zane zuwa wancan. Idan gajeru ne, a kwance, an yi aiki mai kyau. Idan dogaye ne suna reto, to yatsa da farce za su riƙa kama su duk sawa, zanen ya yamutse, rami ya buɗe. Shi ya sa ƙananan zane, kamar ratsi ko ɗigo-ɗigo, suka fi manyan hotuna ƙarko.

Daga nan ka shafa bakin yatsu, inda aka rufe saƙar. A safa ta ƙwarai wurin a shafe yake, da ƙyar za ka ji shi. A ta araha za ka ji wani kauri kamar igiya. Malamin da zai tsaya gaban allo daga ƙarfe takwas har azahar, wannan igiyar tana kan yatsunsa, ya san abin da nake nufi. Sai ka duba diddige. Ya kamata ya zama da lungu sosai, kamar ƙoƙo, kuma saƙarsa ta fi ta sauran jiki ƙarfi. Wadda aka yi ta miƙe sambal kamar buhu, ba diddige, za ta riƙa zamewa tana taruwa a cikin takalmi. Sannan robar sama: ka buɗa ta, ka saki. In ta koma nan take, madalla. In ta koma a hankali, ko ka ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta daɗe a rana a kan baro, ta riga ta mutu. Daga ƙarshe ka zura hannu ka ɗaga ta sama wajen haske. In kana ganin fatar hannunka sarai tun ba ka ja ba, saƙar ta yi sako-sako.

Dalilin wannan sako-sako yana cikin injin. Tun da wani Bature mai suna William Lee ya ƙirƙiro injin saƙa safa a Ingila a 1589, abin da ke raba saƙa da saƙa shi ne yawan allura. Injinan yau zagayayyu ne, allurai jere a da'ira. Safa mai kauri irin ta 'yan ƙwallo ana yin ta da allura wajen 96 zuwa 120, ta fita kunya kuwa, mai laushi da santsi, da 168 zuwa 200. Yawan allura na nufin siririn zare da matsattsiyar saƙa, kuma zane ya fi fita tsaf. Ba sai an rubuta maka adadin ba, in ka jera biyu ka dube su kusa za ka gane.

Sai maganar zare. In akwai takarda, ka karanta, mu da muke koya wa yara karatu bai kamata mu saya ba mu duba ba. Abin da nake nema shi ne auduga ta fi yawa, kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, sai nailan kaɗan, wanda ake rubutawa polyamide, don ƙarfin diddige da yatsu, sai ɗan zaren roba, élasthanne, kashi 2 zuwa 5, don ta kama ƙafa. Auduga zalla tana da daɗi amma tana saurin cinyewa, kuma in ta jiƙe da gumi tana jimawa ba ta bushe ba. Poliyesta zalla kuwa ba ta shan gumi, sai ta bar shi kwance a fata, daga nan wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu ke farawa. Idan ka ga an rubuta fil d'Écosse ko coton mercerisé, auduga ce da aka gyara ta wata hanya da John Mercer ya gano a 1844, tana sheƙi, tana riƙe rini, ta fi ƙarfi. Ita ce sarauniya a lokacin zafi, in aljihu ya kai. Takarda ma takan yi ƙarya. In kana shakka, bayan ka je gida ka ciro ɗan zare daga ciki ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, da warin ƙonanniyar leda. Ka san abin da za ka gaya wa mai kaya Lahadi mai zuwa.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan da mai saƙa a China bai san da su ba. A Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana haura digiri 40, siririyar auduga kawai ƙafa ke iya ɗauka. A Disamba da Janairu kuwa, wanda aka tura Abalak ko Cintabaraden ya san ɗarin asuba a kan babur, nan safar ulu take da rana, tana ɗumi kuma ba ta saurin wari. Amma a watan komawa lakwal, Oktoba, karangiya ta nuna, kuma babu abin da take so kamar ulu da safa mai gashi-gashi. Malamin da zai ratsa fili ya je aji, gara ya sa mai santsi da matsattsiyar saƙa, ya sauke wandonsa ya rufe ta, in ba haka ba rabin darasin farko zai tafi wajen tsince ƙaya, kuma kowace ƙaya da aka fizge tana tafiya da zare. Yashi ma maƙiyi ne: in ya shiga takalmi yana goge diddigen safa kamar dutsen niƙa, don haka a riƙa kaɗe takalmi kafin a sa. Ga alwala kuma. Mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa, a cusa cikin rufaffen takalmi da tsakar rana, shi ne babban mai kawo ruɓewar tsakanin yatsu. Ɗan ƙyalle a aljihu da minti biyu na haƙuri sun wadatar.

To wane zane ya dace? Ni ba na cikin masu cewa dattijo sai baƙa wuluk. Ɗan ado a ƙafa ba laifi ba ne. Abin da na ga ya fi kyau shi ne asalin launin safar ya bi wando, zanen kuma ya ɗauko wani launi daga riga ko hula. Mai shuɗiyar shadda da hula mai ratsin ruwan ƙasa, in safarsa shuɗiya ce mai duhu da siririn ratsi ruwan ƙasa, ya haɗu ba tare da ya yi ihu ba. Zanen nan mai kama da yankan alkaki, wanda asalinsa daga yankin Argyll na Sikotilan ne, yana kyau da wandon Turawa mara zane. In tufar da kanta tana da zane mai yawa, sai safa ta yi shiru. Tsawonta kuma ya kai tsakiyar ƙwauri, yadda in ka zauna ka harɗe ƙafa fata ba za ta bayyana ba. Fara tas kuwa a bar wa filin wasa, jar ƙasar Adar ba ta yi mata adalci.

A nan ina da magana da iyaye. Ku riƙa duba abin da ke jikin safar 'ya'yanku. Akwai wadda ta cika kasuwa mai zanen wani ganye mai yatsu, kore ko ja ko rawaya. Ganyen wiwi ne. Na taɓa kiran wani uba kan haka, ya rantse shi da hannunsa ya saya, ya ɗauka ganyen rama ne. Yaron kuwa ya sani, abokansa ma sun sani. Akwai masu hoton kwalba, akwai masu rubutun Turanci da in an fassara wa uba sai ya rufe fuska. Ba a ce safa za ta lalata yaro ba, amma abin da ya saba sawa yana alfahari da shi, ya rage jin nauyinsa ke nan.

Wasu za su ce bosho fa? Gaskiya ne, a cikin dilar bosho akan dace da safa ta ƙwarai, wani lokaci ma sabuwa fil da takardarta, a farashin da bai kai na sabuwar banza ba. Gwajin duka ɗaya ne, sai dai a ƙara lura da roba da diddige, domin su ke fara tsufa. Kuma kada a sa sai an wanke da ruwan zafi da sabulu an shanya ta bushe ƙayau, saboda ciwon fatar ƙafa yana bin tufa.

Ga masu saya wa iyaye tsofaffi, musamman mai ciwon sukari, abin ya wuce ado. Ciwon yakan kashe jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba, ƙaramin gurzuwa ya zama gyambo. Likitoci suna ba da shawarar safa mara kaurin ɗinki a yatsu, wadda robarta ba ta shaƙe ƙwauri, kuma mai hasken launi, don in jini ko ruwa ya fito a gani da wuri. In ka cire wa baba safa ka ga ta bar zobe a fatarsa, ba tasa ba ce.

Sayen nagari rabin aiki ne, sauran rabin riƙo. A wanke ta a juye, da hannu, ba tare da ruwan jabel ba, domin yana cin roba. A shanya a inuwa, ranar Tahoua tana kashe launi da roba cikin 'yan makonni. Kada a sa ƙafa ɗaya kwana biyu a jere. A yanke farce, a shafa wa faso man kaɗanya, domin kaushin diddige yana cin safa daga ciki fiye da yadda takalmi ke cin ta daga waje. In za ka saya, sayi iri ɗaya ƙafa biyu, ranar da guda ta ɓace ko akuya ta tauna, sauran ukun suna da abokan juna. In ƙaramin rami ya fito, a zura kwalba ko ƙaramin ludayi a ciki a ɗinke tun bai faɗaɗa ba. Ɗinkakkiyar safa mai tsabta ba abin kunya ba ce.

Na taɓa kai safa biyu aji, mai kyau da ta banza, na raba yara rukuni-rukuni na ce su gano wadda ta fi, su faɗi dalili, sannan su yi lissafin shekara. Ban taɓa ganin darasin lissafi ya yi armashi kamar na ranar ba. 'Yan mata ne suka fara juyo cikin, domin sun saba ganin iyayensu mata suna yi wa atamfa haka. Bayan mako guda wata uwa ta aiko a gaya mini cewa ɗanta ya hana ta sayen wani bokiti, wai sai an ɗaga shi a rana an ga kaurinsa.

Yaranmu za su girma cikin kasuwar da ta cika da kaya masu kyan ɗan maciji, daga safa har waya har maganin da ake talla a tasha. Yawancinsu kuma, kamar iyayensu da kakanninsu, za su taɓa saye da sayarwa, a gida ko a wajen bida. Idan za ku kasuwa sayayyar komawa lakwal, ku tafi da su. Ku miƙa wa yaro safar, ku ce ya juyo ta, ya ja, ya ɗaga, ya karanta takardar, ya faɗi ra'ayinsa kafin a biya. Mai kaya zai ɗan ɓata rai, amma gobe in ya hango ku, ta ƙasan buhun zai fara ciro muku. Allah ya sa albarka cikin ɗan abin da muke samu.